Salsalar Labari: Darasin da Jami'a Ta Bar wa Ɗalibi Ya Koya da Kansa

Da asubahin ranar Juma'a, 8 ga watan Agusta na shekarar 2014, wayoyi suka yi ta ƙara a gidajen Nijeriya, kudu da arewa. Uwa na kiran ɗiyarta, wa na kiran ƙanensa, saƙon kuwa guda ne: a tashi a ɗora ruwa a wuta, a zuba gishiri, a yi wanka da shi, a kuma sha, wai shi ne garkuwa daga cutar Ebola. A lokacin ba a cika mako uku ba da saukar wani matafiyi daga Laberiya a filin jirgin saman Legas ɗauke da cutar, saboda haka tsoro ya riga ya share wa maganar hanya. Bayan 'yan kwanaki Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa aƙalla mutum biyu sun rasa rayukansu ta dalilin shan ruwan gishirin. Ita kanta Ebola mutum 20 ta kama a ƙasar, 8 suka rasu, dukansu a Legas da Fatakwal. Gishirin kuwa ya kai inda cutar ba ta taɓa leƙawa ba.

Abin da ya kamata ya dami duk mai koyarwa a jami'a shi ne, ba waɗanda ba su je makaranta ba ne kaɗai suka yaɗa wannan saƙo. Masu rubutu da karatu ne suka tura shi daga waya zuwa waya, cikinsu har da waɗanda suka zauna ajin ilimin halittu suka ci jarrabawa. Sun san mene ne ƙwayar cuta, sun san aikin ƙoda. Abin da ba su saba da shi ba shi ne su tsaya su tambayi magana asalinta kafin su miƙa ta gaba: wa ya faɗa, ina ya samo, ta yaya kuma ya sani?

Jami'a kan yi ƙoƙari wajen koya wa ɗalibi abin da aka sani, amma ba ta cika damuwa da koya masa yadda aka yi aka san shi ba. Galibi abin da ɗalibi kan samu bai wuce darasin sanin amfani da laburare a shekararsa ta farko ba, sai kuma gargaɗin da mai duba kundinsa kan yi masa a shekarar ƙarshe, cewa ya nisanci Wikipedia, ya nemi littattafai da mujallun ilimi. Da wannan ɗan guzuri ɗalibi kan ƙera wa kansa ma'auni, ma'aunin kuwa na tufafi ne. In magana bugaggiya ce, an rubuta ta da Turanci mai nauyi, akwai laƙabin farfesa a gaban sunan mai ita, ta kuma fito daga ƙasar waje, to ta inganta. In a bakin mutane aka ji ta, jita-jita ce. Wannan ma'auni ya fi babu, amma yakan ci amanar mai shi a daidai wurin da ya fi bukatarsa. Labarin wata 'yar wasiƙa ya isa shaida.

A watan Janairu na 1980, mujallar likitanci ta New England, wadda tana cikin mafi daraja a duniya, ta buga wata wasiƙa daga wasu manazarta biyu na birnin Boston a Amurka, Jane Porter da Hershel Jick. Jimloli biyar ne kacal. Sun ce sun duba bayanan marasa lafiya da aka kwantar a asibiti, sun tarar 11,882 daga cikinsu an ba su magungunan kashe zafin ciwo dangin morfin, amma mutum huɗu ne kawai, cikin waɗanda ba su da tarihin shaye-shaye, aka tabbatar jarabar maganin ta kama su. Babu ƙarya a cikin wasiƙar. Sai dai magana ce a kan mutanen da ke kwance a gadon asibiti, ma'aikatan jinya na auna musu magani na ɗan lokaci. Ba ta ce kome ba game da wanda za a sallama gida da kwalbar ƙwayoyi ya yi watanni yana sha.

Daga nan wasiƙar ta kama tafiya. Wannan marubuci ya ambace ta a matsayin hujjar cewa da wuya waɗannan magunguna su zame wa mai ciwo jaraba. Na biyu ya ɗauko daga na farko, na uku ya ɗauko daga na biyu, kowa na kwafe sunan mujalla da shekara da lambar shafi daidai wa daida. Tun ana kiranta wasiƙa har aka koma kiranta rahoto, daga baya wasu suka ɗaga ta zuwa gagarumin bincike. Da aka shigo da maganin OxyContin kasuwa a tsakiyar shekarun 1990, ambatonta ya ƙaru ƙwarai. A 2017 wasu manazarta daga Kanada suka zauna suka bi sawun wannan ambato ɗaya bayan ɗaya. Sun ƙirga rubuce-rubucen ilimi 608 da suka kafa hujja da wasiƙar. Kimanin kashi 72 cikin ɗari sun kawo ta a matsayin shaidar cewa jarabar ba ta cika aukuwa ba, kimanin kashi 81 cikin ɗari kuma ba su ko faɗi cewa a kan majinyatan da ke kwance a asibiti ake magana ba. Tsakanin 1999 da 2015 mutum fiye da 183,000 suka mutu a Amurka ta sanadin irin waɗannan magunguna da likitoci ke rubutawa. Ba wasiƙar ce kaɗai ta jawo wannan bala'i ba, akwai talla da kwaɗayin riba da sakacin hukuma, amma ta zama sandar da aka yi ta dogarawa. A wannan shekara ta 2017 mujallar ta maƙala wa wasiƙar gargaɗi a samanta, shekara 37 bayan buga ta.

Mai karatu ya lura, duk sharuɗɗan da ɗalibi ke nema sun cika a nan. Mujalla ce babba, marubutan masana ne, waɗanda suka ambace su likitoci ne. Abu ɗaya ya rage, shi ne wani ya tashi ya je ya buɗe shafin ya karanta jimlolin nan biyar da idonsa. Aikin minti biyu ne, amma ɗaruruwan masana ko dai ba su yi shi ba, ko kuwa sun yi suka kau da kai. Wato ke nan "an ce, an ce" ba a dandali kaɗai take zaune ba. Takan sa babbar riga ta shiga laburare, ta yi masauki a jerin manazarta na ƙarshen kundi.

Abin takaici shi ne, yawancin ɗaliban ƙasar Hausa sun shigo jami'a da maganin wannan cuta a aljihunsu, sai dai ba wanda ya gaya musu yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Duk yaron da ya yi nisa a makarantar Islamiyya ya ji labarin isnadi. Malaman hadisi, irin su Imam Bukhari wanda ya rasu a shekarar 870 ta Miladiyya, ba su karɓi magana don daɗinta ko don yawan masu faɗinta ba. Sukan jero maruwaita tun daga wanda ya gaya musu har zuwa tushe, sannan su tsaya a kan kowane ɗaya. Shin ya yi zamani da wanda ya ce ya ji daga gare shi? Sun haɗu? Mutum ne mai gaskiya? In mai gaskiya ne, yana da kiyayewa, ko yakan rikita abin da ya ji? Har fanni guda aka kafa na sanin halayen maruwaita, aka cika littattafai da shi. In aka sami giɓi a tsakiyar salsala, ruwayar ta yi rauni ke nan, kome girman wanda ya kawo ta a ƙarshe. Kimiyya da hadisi ba abu ɗaya ba ne, hujjar kowanne daban take, amma tarbiyyar hankalin iri ɗaya ce: magana ba ta fin mafi raunin maruwaitanta ƙarfi. Jerin manazarta da ke ƙarshen maƙalar kimiyya isnadi ne. An sa shi ne domin mai shakka ya bi shi ya isa ga wanda ya yi awo da hannunsa. Ɗalibin da ya kwafe shi ba tare da ya buɗe ko ɗaya ba, daidai yake da wanda ya ce ya ji daga malamin da bai taɓa gani ba.

Kalmar "mujallar ilimi" ita ma ta daina zama lamuni. Asalin darajar irin wannan mujalla shi ne, kafin a buga maƙala akan aika ta ga wasu masanan fannin su tankaɗe ta su rairaye. Da intanet ta sauƙaƙa bugu, sai aka sami ɗimbin mujallun da sana'arsu karɓar kuɗin marubuci kawai. A 2013 wani ɗan jaridar kimiyya, John Bohannon, ya shirya maƙalar bogi a kan wani sinadarin gansakuka da wai ke hana ciwon daji yaɗuwa, ya cusa mata kurakuran da duk ɗalibin harhaɗa magunguna ya kamata ya gani, ya sa mata sunayen marubuta da cibiyoyin da babu su a duniya. Ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka amsa za su buga. Irin waɗannan mujallu suna da suna mai ƙayatarwa, galibi da kalmar "ƙasa da ƙasa" a ciki, kuma tun da ƙarin girman malamin jami'a ya rataya ga yawan abin da ya buga, ba su rasa masu ciniki. Ɗalibin da aka ce masa ya dogara da mujalla, ba a nuna masa yadda ake rarrabe su ba, an tura shi kasuwa ne da dare ba fitila.

Bin salsala rabin aiki ne. Sauran rabin kuwa tun a 1377 Ibn Haldun ya shimfiɗa shi a cikin Muƙaddimarsa. Ya lura cewa marubuta tarihi kan kwashe labari daga magabata ba tare da sun gwada shi da yadda duniya ke gudana ba, musamman in an zo ga adadin runduna ko na dukiya, inda harshe kan yi saurin zarcewa. Ya kawo misalin wani labari da Mas'udi ya ruwaito, cewa wai da Iskandar ke gina birnin Iskandariyya dodannin ruwa sun hana shi aiki, sai ya shiga akwatin gilashi aka zura shi ƙarƙashin teku ya zano kamanninsu. Ibn Haldun bai tsaya binciken gaskiyar maruwaitan ba. Cikin dalilan da ya kawo akwai cewa wanda aka rufe a akwati a ƙarƙashin ruwa iskar numfashi za ta ƙare masa ya halaka. A ra'ayinsa, in labari ya shafi abin da ya auku a duniya, tambayar farko ita ce ko abin mai yiwuwa ne. In ba mai yiwuwa ba ne, babu amfanin tantance wanda ya faɗa.

Da wannan ma'auni kaɗai saƙon gishiri ba zai kai hantsi ba. Ƙwayar Ebola kan shiga jiki ta jini da sauran ruwan jikin mai ciwo, ta kuma hayayyafa a cikin ƙwayoyin halittar mutum, inda gishirin da aka shafa a fata ba ya isa. Wanda aka sha kuwa jini yake shiga, ya janye ruwa daga ƙwayoyin halitta, har da na ƙwaƙwalwa, ya kuma ɗora wa ƙoda da zuciya nauyi, musamman ga mai hawan jini. Dalilin ke nan da ya sa wanda ya ɓace a teku ba ya kashe ƙishi da ruwan da ke kewaye da shi. Duk wannan yana cikin littafin sakandare. Ilimin yana nan, ba a dai saba fito da shi daga ɗakin jarrabawa a auna maganar gari da shi ba. Haka kuma abin yake ga alƙaluma. In aka ce wa ɗalibi mutum kaza ke mutuwa da wata cuta a kowace rana, abin da ya dace ya fara yi shi ne ya ninka adadin sau 365, ya gwada shi da yawan jama'ar ƙasar. Ba kaɗan ba ne alƙaluman da kan faɗi a wannan ɗan lissafi.

Akan sami kuma maganar da mai ita nagari ne, salsalarta gajera ce, amma duk da haka ba ta tabbata ba. A ranar 23 ga Maris na 1989, masana ilimin sinadarai biyu, Martin Fleischmann da Stanley Pons, suka tara 'yan jarida a Jami'ar Utah suka ce sun haɗe ƙwayoyin zarra a cikin kwalba a kan tebur, da ƙarfen faladiyom da ruwa mai nauyi, abin da a cikin rana ke bukatar zafin da ya kai digiri miliyan 15. Fleischmann ba ƙaramin masani ba ne, ɗan babbar majalisar masana kimiyya ta Ingila ne. Jaridun duniya suka ɗauka an gama da matsalar makamashi. Amma manyan ɗakunan gwaji a Amurka da Ingila suka maimaita gwajin ba su ga abin da aka ce ba, kafin ƙarshen shekarar kuma kwamitin da gwamnatin Amurka ta kafa ya ce babu gamsasshiyar shaida. A kimiyya shaidar mutum ɗaya, kome darajarsa, jiran na biyu take yi. Ya kamata kunnen ɗalibi ya riƙa tashi duk lokacin da aka fara sanar da gano wani magani ko wata na'ura a gaban 'yan jarida kafin a kai shi gaban masanan fannin, domin irin wannan sanarwa ba baƙuwa ba ce a nahiyar Afirka.

To yaya ake gane mai magana a intanet, inda kowa ke iya ɗinka wa kansa rigar malanta? Wani nazari da Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford suka fitar a 2017 ya ba da amsa mai amfani. Sun zaunar da rukuni uku a gaban kwamfuta: malaman tarihi 10 masu digirin digirgir, da ɗaliban jami'ar 25, da mutum 10 masu sana'ar tantance labarai a gidajen jaridu. Aka nuna musu shafukan ƙungiyoyi biyu na likitocin yara masu suna kusan iri ɗaya. Ɗaya babbar ƙungiya ce mai dubun-dubatar likitoci, wadda aka kafa tun 1930. Ɗayar kuwa 'yar ƙarama ce da ta ɓalle a 2002 saboda saɓanin aƙida. Ɗalibai da malaman tarihi suka duƙufa kan shafin da ke gabansu, suna duba tambari da tsarin rubutu da jerin manazarta, mafi yawan ɗaliban kuma suka zaɓi ƙaramar a matsayin wadda ta fi inganci. Masu tantance labarai ba su daɗe a shafin ba. Nan da nan suka bar shi, suka buɗe wasu wurare suna neman abin da wasu suka ce game da ƙungiyar, dukansu kuma suka gane gaskiya cikin ɗan lokaci. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Wanda ya zo neman aure ba shi ake tambaya halinsa ba, unguwarsu ake aikawa a bincika. A nan ne ma Wikipedia, wadda aka hana ɗalibi kusanta, take da ranarta: ba wurin tsayawa ba ce, amma mashiga ce mai kyau, domin a ƙasan kowane shafi akwai salsalar da za a iya bi.

Tun ƙarshen 2022 kuma aka sami sabon maruwaici, wato manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT. Suna da amfani, ɗalibai kuwa ba za su bar su ba don an yi musu faɗa. Amma aikinsu jera kalmomin da suka fi dacewa su biyo juna ne, saboda haka sukan ƙago sunan marubuci da na mujalla da shekara da shafi, duk su yi kama da gaske, alhali babu su. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'i shida da manhajar ta ƙaga musu. A ma'aunin malaman hadisi, wannan maruwaici ne mai fasahar harshe wanda ba shi da kiyayewa: ana sauraronsa, amma ba a karɓar ruwayarsa sai an same ta a wani wuri.

Akwai haɗari a ɗaya ɓangaren, kuma ƙasar Hausa ta ɗanɗana shi fiye da kowa. In aka koya wa mutum shakka kawai, ba a koya masa yadda ake fita daga cikinta ba, an bar shi a inda ya fi na da muni. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a arewacin Nijeriya, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kimanin 200. Goma sha ɗaya suka rasu, biyar cikin waɗanda aka ba sabon maganin, shida cikin waɗanda aka ba wanda aka gwada shi da shi. Aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75, kamfanin kuwa bai amsa laifi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka da aka fara cewa a 2003 wai an gauraya allurar shan inna da maganin hana haihuwa, maganar ta tarar da zukata a shirye. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin, Kano ba ta dawo ba sai a watan Yuli na 2004, bayan gwaje-gwaje da kuma sayo maganin daga Indunusiya. Yaran da cutar ta shanye a Nijeriya suka tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa fiye da 1,000 a 2006, ƙwayar kuma ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Tsoron iyayen nan yana da dalili, ba kuwa daidai ba ne a kira shi jahilci. Kuskuren shi ne, an ɗora tankaɗe a kan ɓangare ɗaya aka ƙyale ɗayan. An tuhumi hukuma da kamfanonin waje, wanda hakkin jama'a ne, amma jita-jitar ba a tambaye ta isnadinta ba. Wane ɗakin gwaji ne ya auna? Da wace na'ura? Nawa ne adadin abin da aka ce an gani, ya kuma kai ya yi wa jiki wani abu? Wani ya maimaita ya sami daidai? Ina labarin miliyoyin 'yan matan da aka ɗiga wa wannan magani a wasu ƙasashe shekaru da dama kafin nan, suka girma suka haihu? Ɗalibin da jami'a ta horar da kyau shi ne wanda zai yi wa sanarwar gwamnati da saƙon maƙwabci tambaya iri ɗaya, ya kuma yarda da amsar ko da ba ita ransa ya so ba.

Wani zai ce wannan horo zai ɓata tarbiyya, ya sa yaro ya riƙa ja da malaminsa. Damuwar ba ta banza ba ce, domin girmama malami ginshiƙi ne a al'adar neman ilimi ta wannan ƙasa. Amma tambayar "Malam, a ina zan sami wannan in ƙara karantawa?" ba rashin kunya ba ce, almajiran zaure ma sukan yi ta. Inda gizo ke saƙa shi ne takardun darasi da wasu malamai ke rabawa, shekara da shekaru ba a sauya ko wasali ba, babu sunan littafi ko ɗaya a jikinsu, a kuma ce abin da ke ciki shi kaɗai za a karɓa a jarrabawa. Ɗalibin da ya yi shekara huɗu a haka ya koyi darasi guda da kyau, cewa gaskiya ita ce abin da na sama ya faɗa. Ba abin mamaki ba ne in ya fita ya miƙa wannan biyayya ga duk wanda ya yi masa magana da muryar isa.

Wani kuma zai kawo kukan rashin kayan aiki, cewa laburare ya tsufa, manyan mujallu kuma sai da kuɗin waje. Gaskiya ne, amma uzurin ya ragu. Rumbun PubMed na ba da taƙaitaccen bayanin miliyoyin maƙalun likitanci kyauta, da yawa ma da cikakken rubutunsu. Rumbun mujallun Afirka na AJOL yana nan tun 1998, akwai kuma shafin Retraction Watch da ke bibiyar maƙalun da aka janye bayan an gano kuskure ko maguɗi a cikinsu. Wayar da ta kawo jita-jitar ita ce dai za ta buɗe waɗannan.

Gyaran ba ya bukatar sabon sashe ko sabon gini. Abin da yake bukata shi ne a fitar da wannan horo daga darasin shekarar farko, inda ake haddace shi a manta, a shigar da shi cikin kowane fanni, a kuma ba shi maki, tun da abin da ke da maki shi ɗalibi ke ɗauka da gaske. Malamin ilimin sinadarai ko na aikin gona na iya ware mako ɗaya a zango, ya ba kowane ɗalibi magana guda, wata daga littafin darasi, wata daga jarida, wata daga saƙon da ke yawo a WhatsApp, ya ce a bi ta baya-baya har a isa ga wanda ya fara yin awon, a rubuto shafi ɗaya: mutum nawa ko gona nawa aka gwada, a ina, wa ya biya kuɗin binciken, me ya sauya a maganar tsakanin tushe da inda aka tsince ta. Wanda ya dawo ya ce salsalar ta yanke a mataki na uku, ya kuma nuna inda ta yanke, ya cancanci cikakken maki kamar wanda ya isa tushe. Ya kyautu malamin ya sa wata magana daga takardar darasinsa a cikin waɗanda za a bi, domin ɗalibai su ga shi ma bai fi ƙarfin tambaya ba.

A ranar kare kundi kuma, maimakon a ɓata rabin sa'a ana gardamar inda waƙafi ya dace a jerin manazarta, mai jarrabawa na iya ɗora yatsa a kan guda uku daga cikinsu, ya ce ɗalibi ya fito da su a takarda ko a waya, ya nuna sakin layin da ya ɗauko maganarsa. In aka yi haka shekara biyu a jere, labari zai kai ga 'yan aji uku tun kafin su zaɓi batun kundinsu.